Shekara guda ta koyon aiki a katafaren kamfanin fasaha: riba ce ko ɓata lokaci?

Ɗan Aji Huɗu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wasunku sun lura na yi ɓatan dabo daga zauren nan. Dalili shi ne na jingine karatu na shekara guda, na tafi koyon makamar aiki a wani babban kamfanin fasaha. Ba zan kama suna ba, na sa hannu a takardar riƙe sirri, kuma ba sunan ne abin dubawa ba. Tun da na dawo ake ta turo mini tambaya ta bayan fage ko shekarar ta yi riba ko ɓata lokaci ce, sai na ga gara in amsa sau ɗaya a nan kowa ya gani.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yadda rubuta kod, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta don gina manhaja, ya yi ƙaranci. A makaranta kai ke buɗe farin shafi, ka gina abinka, malami ya duba ya ba ka maki, daga nan an binne aikin ke nan, ba mai sake waiwayarsa. A can makonnin farko ban rubuta komai ba. Neman izinin shiga wannan rumbun ajiyar kod, neman izinin shiga wancan, horo kan tsaron bayanan jama'a, sai kuma karatu. Karatun kod ɗin da wasu suka rubuta shekaru da suka wuce, wasunsu ma sun daɗe da barin kamfanin.

Aikin farko da aka ba ni shi ne in gyara wani saƙo da manhaja ke nunawa idan ta ci karo da matsala, saboda saƙon bai faɗin komai mai amfani. Layuka kaɗan ne. Na gama kafin azahar, na tura a duba ina jin kaina. Da sharhin masu dubawa ya dawo, ya fi abin da na rubuta tsawo. Ɗaya ta tambaya: idan bayanin da kake jira ya zo babu komai a ciki fa, me zai faru? Wani ya ce sunan da na sa wa wani abu zai rikita mai karatu. Wani ya ce ina gwajin da zai nuna gyaran yana aiki? Na ƙarshe kuma yana wata nahiya, shi ne mai alhakin fayil ɗin da na taɓa, sai da na jira gari ya waye a wurinsu kafin ya sa hannu.

Wajen tsakiyar shekara na fitar da babban aikina, wani shafi na cikin gida da ke nuna wa injiniyoyi dalilin da ya sa gwajin kod ɗinsu ya faɗi, maimakon su yi ta tono a dubban layukan rahoto. To a nan ne ainihin karatun ya fara. Mutane suka soma amfani da shi. Wata tawaga ta ɗora masa bayanan da suka ninka abin da na yi tsammani, shafin ya koma tafiyar hawainiya. Wasu suka riƙa amfani da shi ta hanyar da ko a mafarki ban yi tunani ba. Na koma in gyara, sai ga ni ina karanta kod ɗin da na rubuta da hannuna ina tambayar kaina me nake nufi a nan. Da wata uku na yi, da na miƙa aikin an tafa mini na kama gabana, ban taɓa sanin inda yake yoyo ba. Wannan ne amfanin shekara a wurina: ka zauna da abin da ka gina bayan ya shiga hannun mutane.

Auta:
Wa alaikumus salam. Yaya sannu da dawowa, Allah ya sa albarka. Ina nan ina karantawa, ina da tambayoyi amma bari manya su fara.

Sarkin Gardama:
Malam ka yi haƙuri, ni dai abin da na fahimta shi ne ka bar digiri na shekara guda don ka gyara saƙon kuskure ka kuma gina shafin da ba wanda zai taɓa gani a waje. 'Yan ajinku sun gama, wasu sun fara aiki, sun riga ka da shekara. In ban da sunan kamfanin da za ka liƙa a takardar neman aiki, me ka fi su da shi?

Ɗan Aji Huɗu:
Sunan ma ba zan raina shi ba, ƙarya ne in ce ba ya buɗe ƙofa. Amma ba don shi na rubuta ba.

Ummu Yasir:
Ƙanena barka da dawowa. Sarkin Gardama ya faɗi abin da zafi, amma akwai ƙanshin gaskiya a maganarsa. Ni a ƙaramin kamfani na koyi aiki, mu kaɗan ne, ba a cika ɗaki ba. A watan farko na taɓa rumbun bayanai, na ɗora manhaja kan saba (kwamfutar da manhaja ke aiki a kanta don jama'a su same ta) da kaina, na amsa kiran abokin ciniki da ke fushi. Ba wanda zai ce mini jira gari ya waye a wata nahiya. Idan abu ya lalace ni ce, idan ya gyaru ni ce. Abin da na gani a waɗanda suka fito daga manyan kamfanoni shi ne sun ƙware a ɗan lungu guda, amma ka ce su tsayar da abu daga tushe sai su tsaya suna kallonka, domin a can akwai tawaga guda da aikinta ke nan, su dai maɓalli suke dannawa.

Ga kuma batun kayan aikin cikin gida. Injiniyoyin Google sun bayyana a 2016 cewa mafi yawan kod ɗinsu, kimanin layi biliyan 2, yana cikin rumbu ɗaya, kuma ba Git, manhajar da aka fi ajiye kod da ita, suke amfani da shi wajen ajiyarsa ba, wani tsari ne nasu mai suna Piper. To yaron da ya shafe shekara yana koyon irin wannan, ranar da ya fita ina zai kai shi? Ba a amfani da shi a ko'ina sai can.

Baban Amira:
Hajiya Ummu Yasir, bari in shigo a nan. Na yi aiki a ƙarami na yi a babba, kuma na ja ragamar ɗalibai masu koyon aiki a duka biyun.

Maganar kayan cikin gida gaskiya ce, amma rabinta. Da yawa daga abubuwan da ƙananan kamfanoni ke tinƙaho da su yau daga cikin gidajen manyan suka fito. React, wanda ake gina fuskar shafukan intanet da shi, Facebook ne ya sake shi ga jama'a a 2013 bayan sun yi amfani da shi a ciki. Kubernetes, mai tafiyar da manhajoji a kan sabobi da yawa, da ya fito a 2014, injiniyoyin Google ne suka gina shi bisa abin da suka koya daga tsarinsu na ciki mai suna Borg. Sunan kayan aiki yana canzawa, tunanin da ke ƙarƙashinsa shi ne dai. Wanda ya fahimci dalilin da ya sa ake duba kod kafin a haɗa shi, mako ɗaya ya ishe shi ya saba da wani sabon kayan dubawa.

Abin da ni nake so Sarkin Gardama ya duba shi ne wannan jiran da yake gani kamar ɓata lokaci. Ranar 1 ga Agustan 2012 wani kamfanin hada-hadar hannun jari a Amurka, Knight Capital, ya ɗora sabon kod a sabobinsa guda takwas, aka manta da ɗaya. Wannan ɗayar ta tayar da wani tsohon kod da aka daɗe da daina amfani da shi amma ba a goge ba. Cikin kimanin minti 45 kamfanin ya yi asarar kusan dala miliyan 440. Ku lura, ba wani algoridim (jerin matakan da kwamfuta ke bi ta warware matsala) mai wuya ne ya kayar da su ba. Ba a samu mutum na biyu da zai duba ko an ɗora a ko'ina ba ne.

Ku tuna kuma 19 ga Yulin 2024, da kamfanin tsaron kwamfuta CrowdStrike ya tura wani sabuntawar manhaja mai matsala, kwamfutoci masu Windows kimanin miliyan 8.5 suka ƙi tashi, jirage suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka tsaya. Cikin gyaran da suka yi alkawari daga baya har da cewa za su riƙa sakin irin wannan sabuntawa kashi-kashi, ba a lokaci guda ga kowa ba. To wannan sakin kashi-kashi, a fara da 'yan kaɗan, a sa ido, in an ga hayaƙi a mayar da tsohon, shi ne abin da yaron nan ya shafe shekara yana gani kullum. Ba a koyar da shi a aji, domin aikin aji ba shi da masu amfani da shi.

Ummu Yasir:
Yallaɓai ban musa ba. Amma mu ma a ƙaramin wuri mun koyi wannan, sai dai da ƙuna muka koya.

Baban Amira:
Ai shi ne. Ke kin koya da kuɗin abokan cinikinku, shi ya koya da tsarin da wasu suka riga suka ƙone suka gina. Kowanne akwai abin da ya rasa.

Sarkin Gardama:
Duk wannan labarin manyan asara ne. Ni tambayata mai sauƙi ce: ɗalibi ana barinsa ya taɓa abin da ke da muhimmanci, ko dai ana ba shi abin wasa ne a gefe don kada ya ɓata wa manya aiki?

Ɗan Aji Huɗu:
Wannan tambayar ta yi, kuma amsarta ta danganta da tawagar da ka faɗa. Akwai wanda muka shiga tare, aka ba shi wani aikin gwaji da ba ya cikin tsarin kowa. Ya yi wata da watanni a kai, aka zo aka sake fasalin sashen, aka rushe aikin ɗungurungum. Ba laifinsa ba ne, kuma ba wanda ya ba shi haƙuri, a can wannan ba labari ba ne. Ni ma an canza mini manaja ana tsaka da shekara. Wadda ta ɗauke ni ta koma wani sashe, sabon da ya zo bai san me na yi a baya ba, sai da na zauna na rubuta masa komai daga farko. Akwai makonnin da mitin ya cinye, ka fito da yamma ka rasa me ka tsinana.

Amma a ɓangaren taɓa abu mai muhimmanci, a rabin shekara na biyu an sa ni cikin jerin masu zaman ko-ta-kwana, waɗanda ake bugawa idan wani abu ya lalace, sai dai a matsayin mai rakiya, akwai babba a gabana. Wani dare ƙararrawa ta buga, wani ɓangare na manhajar ya fara jinkirin amsawa. Na zaci zan ga ana ihu ana neman wanda ya jawo. Abin da na gani shi ne mutum ɗaya ya ce shi ne mai jan ragama, ya sa wata ta riƙa rubuta duk abin da aka yi da lokacinsa, ya tambaya mene ne abu na ƙarshe da aka canza, aka gano, aka mayar da tsohon. Ba su ma tsaya neman sanin ainihin dalili ba sai da abin ya lafa. Bayan kwana biyu aka fitar da rahoto, kuma babu sunan kowa a ciki a matsayin mai laifi. Tambayar da rahoton ya yi ita ce: ta yaya tsarinmu ya bari wannan canjin ya wuce ba a kama shi ba?

'Yar Data:
Wannan ya tuna mini abin da ya faru a Yunin 2021, da kamfanin nuna fina-finai ta intanet HBO Max ya tura wa ɗimbin masu rajista wani imel na gwaji wanda ba komai a cikinsa. Kamfanin ya fito a Twitter ya ce ɗalibi mai koyon aiki ne ya tura shi bisa kuskure, kuma suna taimaka masa. Sai injiniyoyi daga ko'ina suka yi ta ba da labarin ɓarnar da su ma suka taɓa yi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne waɗanda suka ce in har ɗan koyo zai iya tura saƙo ga jama'a haka da dannawa ɗaya, to a tambayi wanda ya bar ƙofar a buɗe.

Ni wata uku na yi a lokacin hutu, kuma gaskiya na yarda da kai. Ranar da na fara gane inda abubuwa suke, ranar aka fara yi mini maganar rubuta rahoton bankwana. Ban san ko ana amfani da abin da na gina ba har yau.

Malam Abu Safwan:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina karantawa, bari in sa baki ta ɓangarenmu na masu koyarwa.

Haɗa karatu da aiki ba sabon abu ba ne. Herman Schneider ya fara shi a Jami'ar Cincinnati a Amurka tun 1906, da ɗaliban injiniya, suna yin wani lokaci a aji wani lokaci a masana'anta. Jami'ar Waterloo a Kanada tun kafuwarta a 1957 a kan wannan tsari ta ginu, sai dai su zangon aikinsu na wata huɗu ne, ana yi ana komawa aji, ɗalibi ya zaga kamfanoni daban-daban kafin ya gama. A Ingila kuma abin da aka fi sani shi ne shekara guda cur tsakanin shekara ta biyu da ta ƙarshe, digirin shekara uku ya koma huɗu. Wato gardamar da kuke yi, doguwar zama a wuri ɗaya ko gajerun zama a wurare da yawa, jami'o'in ma ba su haɗu a kan amsa ɗaya ba.

Abin da na gani da idona a ɗaliban da suka dawo: aikin kammala karatunsu yakan fi na sauran tsari. Suna raba aiki gida-gida, suna rubuta gwaji, ba sa zuwa mini mako biyu kafin ranar miƙawa su ce kwamfuta ta lalace komai ya tafi, domin sun saba ajiye aikinsu a Git. Amma akwai ɓangaren da ba a faɗa. Lissafinsu ya yi tsatsa. Ka sa su tabbatar da wata ƙa'ida a allo, sai gumi. Mafi muni kuma, wasu jikinsu ne kawai ya dawo. Sun ɗanɗana albashi, sun zauna da manyan injiniyoyi, sai su riƙa kallon darasi kamar abin da aka ɗora musu. Na ga wanda ya ce mini ai a wurin aiki ba wanda ya taɓa tambayarsa yadda tsarin sarrafa kwamfuta ke raba ƙwaƙwalwa. Na ce masa ba a tambaye ka ba ne don ba a kai ga ba ka irin wannan aikin ba tukuna.

Ɗana, kai da ka dawo, wanne ne a cikinsu?

Ɗan Aji Huɗu:
Allah ya ƙara wa Malam lafiya. Tsatsar lissafi kam akwai ta, ba zan ɓoye muku ba. Amma darasin rumbun bayanai da na ɗauka a aji biyu don in ci jarrabawa kawai, sai da shafina ya fara jan ƙafa na koma na buɗe shi. Matsalar ashe ita ce duk lokacin da aka buɗe shafin, yana bin bayanan ne ɗaya bayan ɗaya tun daga farko, don ban sa masa fihirisa a inda ake nema ba. Abin yana cikin littafin, har na ja masa layi a lokacin. Yanzu ina jiran darasin manyan tsare-tsare masu aiki a kwamfutoci da yawa, don ina da tambayoyin da na taho da su.

Malam Abu Safwan:
To madalla. Ka zo da su, amma ka fara wanke lissafin kafin zango ya yi nisa.

Sarkin Gardama:
Mu bar zancen karatu. Sun ba ka aiki ko ba su ba ka ba? Don in ba su ba ka ba, to ka yi musu aikin injiniya ne na shekara a farashin ɗalibi.

Ɗan Aji Huɗu:
Ba su ba ni takarda ba. Manajana ya rubuta cewa yana so a dawo da ni, amma ya faɗa mini gaskiya cewa ba shi ke yanke hukunci ba, ya danganta da ko za a buɗe wa sashen gurbi a lokacin da zan gama. Don haka ina neman aiki kamar kowa.

Baban Amira:
Kuma haka ya kamata ka yi ko da sun ba ka. Wanda ya ga ƙarshen 2022 da farkon 2023 ba zai jingina da alkawarin kowa ba. Meta ya sallami ma'aikata 11,000 a Nuwamban 2022. A Janairun 2023 Google ya sallami 12,000, Microsoft 10,000, Amazon ya sanar da 18,000. Wasu kamfanoni har takardun ɗaukar aikin da suka riga suka bayar suka janye. Duk ɗalibin da zai jinkirta digiri don yana ganin kujera na jiransa, to ya sake lissafi. In zai je, ya je don abin da zai fito da shi a kansa.

A nan na yarda da Sarkin Gardama a abu ɗaya: a biya ka. Shekara guda ba ziyarar gani da ido ba ce, aiki ne. Kafin ka sa hannu ka san nawa za a ba ka, ko ya isa ka riƙe kanka, ka kuma tambayi makarantarka ko za ka biya wani abu a wannan shekarar da kuma yadda za ta shafi tallafin karatu in kana da shi.

Sarkin Gardama:
Alhamdu lillahi, yau an yarda da ni a abu ɗaya. A rubuta.

Ummu Yasir:
Akwai abin da ba a taɓo ba. Yanzu da ƙirƙirarriyar basira ke rubuta kod, irin ƙananan ayyukan da ake ba ɗan koyo ai su ne na farko da za ta ɗauke. Tun da GitHub Copilot, mai taya mutum rubuta kod, ya fito, ChatGPT ya biyo baya a Nuwamban 2022, gyaran saƙon kuskure irin na Ɗan Aji Huɗu minti nawa ne? Ina tsoron nan gaba kamfanoni su ce ba sa bukatar 'yan koyo, sannan bayan shekara goma su wayi gari babu manya, don ba a raini kowa ba.

Ɗan Aji Huɗu:
Anti mun yi amfani da ita, wadda kamfani ya amince da ita kawai, don haramun ne ka kwafi kod ɗin kamfani ka zuba a wata manhajar waje. Tana da sauri wajen rubuta abin da aka saba rubutawa. Amma duk abin da ta rubuta sunanka ne a kai, kuma mai dubawa kai zai tambaya me ya sa ka yi haka. Ba za ka ce masa na'ura ce ta ce ba. Sau da yawa takan kira wani abu da babu shi a rumbunmu sam, ta ƙirƙire shi ne kawai, kuma da ka gani sai ka rantse daidai ne. Sai wanda ya saba karanta kod da idon zargi yake kama irin wannan. Tsoron da kika faɗa kuwa, ni ma ina da shi, domin ƙannenmu ne abin zai faɗa wa.

Auta:
To Yaya ga tambayoyina. Ina aji biyu. Ta yaya aka ɗauke ka? Kuma gaskiya ni tsoro nake ji, ina ganin duk waɗanda ke can sun fi ni kai nesa ba kusa ba. Ko an ɗauke ni ina jin mako ɗaya za su gane kuskure suka yi.

'Yar Data:
Ƙanwata wannan tsoron har suna gare shi a ilimin halayyar ɗan Adam, da Turanci ana ce masa impostor syndrome. Pauline Clance da Suzanne Imes sun yi rubutu a kansa tun 1978, kuma mata masu ƙwazo da suka yi nasara suka bincika, waɗanda duk da shaidar da ke gabansu suke jin kamar yaudarar mutane suke yi. A tawagar da na zauna ni kaɗai ce mace, kuma makon farko ko tari ba na so in yi a mitin. Abin da ya sake ni shi ne ranar da na ji wani babban injiniya, mai furfura, ya katse bayani ya ce bai gane ba a maimaita. Ba wanda ya ko ɗaga kai.

Ɗan Aji Huɗu:
Auta, abin da 'Yar Data ta faɗa haka yake. Wanda ya ja ni a aiki ya kafa mini doka tun ranar farko: in na maƙale, in yi ƙoƙari na ɗan lokaci ni kaɗai, in bai warware ba in zo, amma in zo da bayanin abin da na gwada da abin da na gani. Ya ce ɗan koyon da ke ba shi tsoro shi ne wanda ya yi shiru kwana uku.

Batun shiga kuma, matakai ne. Ka cike takarda a shafinsu, su turo maka gwajin kod da za ka yi a intanet cikin ƙayyadadden lokaci, in ka haye sai intabiyu da injiniyoyi, su ba ka matsala ka warware suna kallo. Abin da aka fi tambaya shi ne darasin tsara bayanai da algoridim, wanda kike ɗauka yanzu haka, don haka ki riƙe shi da kyau. A intabiyu ki riƙa faɗin abin da kike tunani da baki, ko ba ki kai ƙarshe ba, don yadda kike bin matsala suke so su gani. Sannan ki samu abu ɗaya da kika gina da kanki wanda za ki iya bayaninsa ciki da waje, ya fi goma da kika kwafa daga bidiyo. Ba wuri ɗaya na nema ba, kuma mafi yawansu ko amsa ba su ba ni ba.

Ummu Yasir:
Ki kuma nemi ƙananan wurare tare, kada ki zuba ido kan manya kaɗai. In an kira ki intabiyu ke ma ki yi tambaya: wa zai ja ni a aiki, kuma ɗan koyon da ya gabace ni me ya gina, ana amfani da shi yanzu? In suka fara kame-kame, kin samu amsarki.

Sarkin Gardama:
Ni har yanzu ina kan bakana, wanda ya gama da wuri ya fara aiki na gaske ya fi. Bayan shekara biyar ku zo mu gwada.

Baban Amira:
Bayan shekara biyar ba mai tambayar ko wace shekara kuka gama, kai da shi.

Auta:
Na gode ƙwarai Yaya, na gode Anti. Ƙarshe, yaushe ya kamata in fara nema? Na ɗauka sai an kusa hutu.

Ɗan Aji Huɗu:
A'a, in kika jira hutu an riga an rufe. Manyan kamfanoni sukan buɗe neman watanni da yawa kafin lokacin farawa, wasu kusan shekara, kuma suna ɗauka ne yayin da takardu ke shigowa, ba sai ranar rufewa ba. Ki fara leƙa shafukansu tun farkon zangon nan. Kafin nan ki je sashenku ki tambaya ko tsarin karatunku ya yarda da fita ta shekara guda, da takardun da za ki cike, don kada ki samu gurbi makaranta ta ce ba ta san zance ba. In kin rubuta takardar neman ki turo mini ta bayan fage in duba miki, shafi ɗaya kawai, kada ta wuce.